Tambaya da Amsa: Ma'aikata Goma Sha Bakwai, Makulli Ɗaya

TAMBAYA

Malam, ina cikin masu bin wannan fili, yau kuma ga ni da tawa matsalar.

Ni ne mai kula da kwamfutoci a wani asibitin kuɗi a Zariya. Shekara uku ke nan da muka bar katin takarda muka koma manhaja. Wani matashi ne daga Kaduna ya rubuta mana ita, bayanan kuma suna cikin rumbun PostgreSQL, a kan wata kwamfuta da ke ofishina. Duk wanda ya buɗe manhajar sai ta tambaye shi suna da kalmar sirri ta rumbun. To amma mu goma sha bakwai duk da suna ɗaya muke shiga, wato postgres, kalmar sirrin kuma tana rubuce a wata 'yar takarda da aka manna a ƙarƙashin kibod ɗin ɗakin kati. Shi ma wanda ya rubuta manhajar da ita yake shigowa daga Kaduna in za shi yi gyara.

A watan jiya aka ga rasit na naira 45,000 ya koma 15,000. Mai asibiti ya tara mu, ya ce in fito da wanda ya yi. Na duba, rumbun ya ce postgres ne. Yanzu kowa ya zuba wa yarinyar da ke karɓar kuɗi ido, ita kuma sai rantsuwa take tana kuka. Ana cikin haka wata majinyaciya ta zo da ƙorafin cewa ta ji maganar sakamakon gwajinta a bakin maƙwabta.

Na kawo shawarar a ba kowa sunansa da kalmarsa. Babbar nas ta ce, "Wato ba ka yarda da mu ba ke nan?" Mai asibiti ya ce duk 'yan gida ne, kada in kawo abin da zai jinkirta aiki.

Malam, ta ina zan fara? Yaya ake tsara wanda zai shiga da abin da zai taɓa? Kuma yaya zan fahimtar da mutanena ba tare da an ɓata ba?

Naka,
Mai kula da kwamfuta, Zariya.

AMSA

Na gode da wannan wasiƙa, ɗan'uwa. Kafin mu taɓa kwamfuta, bari in fara da yarinyar nan mai kuka. Ka koma wurin mai asibiti ka gaya masa a fili cewa rumbun ba shi da shaidar da za ta kama ta, ba shi kuma da wadda za ta wanke ta. Mutum goma sha bakwai ke riƙe da makulli ɗaya, ga na sha takwas a Kaduna, ga kuma duk wanda ya taɓa ɗaga kibod ɗin ɗakin kati. A irin wannan hali, ɗora wa mutum ɗaya laifi zalunci ne, ko da kuwa kujerarta ce ta fi kusa da kuɗin.

Wannan maganar ce kuma amsar da za ka ba babbar nas. Makulli ɗaya shi ya jawo yau ake kallon mai gaskiya da idon zargi, domin wake ɗaya ke ɓata gari. Wanda zai fi kowa cin moriyar samun makullin kansa shi ne ma'aikaci mai amana, saboda ranar da aka yi ɓarna littafi zai nuna babu hannunsa. Ka riƙe wannan, don duk abin da zan faɗa a ƙasa a kansa aka gina shi.

Sallama daban, iso daban

Dubi yadda gidan Bahaushe yake. Baƙo zai tsaya a ƙofar zaure ya yi sallama, a ce wane ne, ya faɗi sunansa, a gane murya ko a leƙo a ga fuska. Amma gane shi da aka yi bai ba shi damar kutsa kai ko'ina ba. Mai tallan itace iyakarsa ƙofar gida. Abokin maigida a yi masa shimfiɗa a zaure. Ƙanin uwargida a yi masa iso har tsakar gida. Turaka da rumbun hatsi kuwa, ko a cikin 'yan gida ba kowa ke riƙe da makullinsu ba, kuma ba wanda ya taɓa cewa hakan rashin yarda ne.

Rumbun bayanai ma tambaya biyu yake yi. Ta farko: wane ne kai, kuma mene ne shaidarka? Wannan ita ce tantancewa. Ta biyu: yanzu da na san ka, me aka yarda ka gani, me aka yarda ka canja? Wannan shi ne izini. A asibitinku an rushe duka biyun, domin asusun postgres shi ne maigida. PostgreSQL ba ya duba izini ko ɗaya idan wannan asusu ya ba da umarni. Mai riƙe da shi zai iya canja kowane rasit, ya karanta kowane sakamako, ya goge rumbun gaba ɗaya da layi ɗaya na rubutu. Wannan ikon kuka miƙa wa kowa, har da wanda ya kama aiki jiya.

Maganin ba sabo ba ne. Tun a 1975 wasu masana biyu na jami'ar MIT a Amurka, Jerome Saltzer da Michael Schroeder, suka shimfiɗa ƙa'idar cewa kowane mutum da kowace manhaja a ba su mafi ƙarancin ikon da aikinsu ke buƙata. A 1976 Patricia Griffiths da Bradford Wade na kamfanin IBM suka bayyana tsarin bayar da izini da janye shi a rumbun bayanai, wanda shi ne tushen umarnin GRANT da REVOKE da za ka yi aiki da su. A 1992 kuma David Ferraiolo da Richard Kuhn na hukumar NIST suka tsara yadda za a rataya izini a kan muƙami, sannan a ɗora mutum a kan muƙamin. Duk kayan nan suna cikin PostgreSQL ɗin da ke ofishinka, kyauta, ba a dai kunna su ba ne.

Fara da takarda da biro

Kada ka buɗe kwamfuta tukuna. Ka ɗauki littafi ka zaga asibitin, ka zauna da kowane sashe minti goma, ka tambaye su abin da suke yi tun daga safe har tashi. Za ka ga jerin ya fito da kansa.

Masu kati suna buɗe wa sabon majinyaci fayil, su gyara adireshi ko lambar waya. Ba ruwansu da abin da likita ya gano. Nas tana rubuta awon jini da zafin jiki, tana karanta umarnin likita. Likita yana rubuta bayanin cuta da magani, yana karanta sakamakon gwaji. Ɗakin gwaji yana shigar da sakamako. Famasi yana ganin maganin da aka rubuta, yana rage adadin abin da ke kan kanta. Kashiya tana yanka rasit. Akanta yana karanta duk lissafin kuɗi, amma ba ya buƙatar sanin ciwon kowa.

Wannan zagayen yana da amfani biyu. Zai ba ka taswirar izini, sannan zai sa ma'aikata su ji da su aka yi abin, ba daga sama aka jeho musu ba. In ka gama, ka kai wa mai asibiti ya sa hannu. Daga ranar, in wani ya nemi ƙarin izini, takardar ce za ta ba shi amsa, kai ka huta da ɓacin rai.

Zaure: wa zai shigo, daga ina

Mai gadin zauren PostgreSQL wani ƙaramin fayil ne mai suna pg_hba.conf. Kowane layi a cikinsa yana faɗin wane asusu, zuwa wane rumbu, daga wane adireshi, da wace irin shaida. Daga sama zuwa ƙasa ake karanta shi, layin farko da ya dace shi ke yanke hukunci, ba a duba na ƙasa. Saboda haka layi ɗaya mai sakaci a sama yana rushe duk tsaron da ke ƙarƙashinsa.

Abu na farko, nemi kalmar trust a cikin fayil ɗin. Ma'anarta duk wanda ya ce shi wane ne a yarda, ba a tambayar kalmar sirri. Masu rubuta manhaja kan saka ta lokacin gwaji su manta. In ka gan ta, cire ta. Ga irin abin da ya dace da asibitinku, sai dai ka sa adireshin kwamfutocinku na gaskiya:

local    all      postgres                      peer
hostssl  asibiti  +maaikata   192.168.1.0/24    scram-sha-256
host     all      all         0.0.0.0/0         reject

Layin farko ya ce asusun postgres ba zai shiga ba sai daga kan ita kanta sabar, wato kwamfutar da ke ofishinka, ta hannun wanda ya riga ya shiga kwamfutar da wannan suna. Na biyu ya ce duk ɗan ƙungiyar maaikata zai iya shiga rumbun asibiti, amma daga kwamfutocin cikin gida kawai, ta hanyar da aka lulluɓe, kuma da kalmar sirri. Alamar tarawa da ke gaban sunan ita ke nuna ƙungiya ake nufi. Na uku ya kori kowa da kowa da ya rage. Layi na biyu ba zai yi aiki ba sai ka kunna ssl a fayil ɗin postgresql.conf, ka tanadi takardar shaidar sabar.

Hanyar scram-sha-256 ta shigo ne a PostgreSQL 10 a 2017, ta zama ita ce ta asali daga PostgreSQL 14 a 2021. Ta fi tsohuwar md5 ƙarfi nesa ba kusa ba. Idan rumbunku ya taso da md5, canja saitin kaɗai bai isa ba, dole a sake saka kowace kalmar sirri kafin ta koma sabon tsari. Ka kuma gwada manhajar tukuna, don wasu tsofaffin manhajoji ba su san sabuwar hanyar ba sai an sabunta su.

Sai maganar mutumin Kaduna. In yana shigowa kai tsaye daga can, to akwai yiwuwar ƙofar rumbun, mai lamba 5432, a buɗe take ga intanet. Ka duba yau. Masu kutse suna da manhajojin da ke zaga intanet dare da rana suna ƙwanƙwasa irin waɗannan ƙofofi. A Janairun 2017 an kwashe dubban rumbunan MongoDB da aka bari a buɗe ba kalmar sirri, aka goge abin da ke ciki, aka bar saƙon neman kuɗin fansa. Masu kutsen ba su san ko na wa ne ba, buɗewar kawai suka gani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai gyara ya riƙa shigowa ta VPN ko SSH, ƙofar rumbun kuma a rufe ta daga waje.

Cikin gida: muƙami kafin mutum

A PostgreSQL, mutum da ƙungiya duk da umarni ɗaya ake ƙirƙirar su. Bambancin kawai, na mutum yana da damar shiga, na ƙungiya ba shi da ita. Dabarar ita ce kada ka taɓa ba mutum izini kai tsaye. Ka ba muƙami, ka sa mutum a ciki.

Amma kafin ka raba makullai, rufe ƙofofin da suka zo a buɗe. Akwai wata ƙungiya mai suna PUBLIC wadda kowane asusu ɗan cikinta ne, kuma tun asali an ba ta damar shiga kowane rumbu. Kafin PostgreSQL 15, wanda ya fito a 2022, har damar ƙirƙirar sabon tebur tana da ita.

REVOKE CONNECT ON DATABASE asibiti FROM PUBLIC;
REVOKE CREATE ON SCHEMA public FROM PUBLIC;
CREATE ROLE maaikata NOLOGIN;
GRANT CONNECT ON DATABASE asibiti TO maaikata;
CREATE ROLE masu_kati NOLOGIN IN ROLE maaikata;
GRANT SELECT, INSERT, UPDATE ON majinyata TO masu_kati;
CREATE ROLE ma014 LOGIN IN ROLE masu_kati;

Layin ƙarshe ya buɗe wa ma'aikaci mai lamba 014 asusu, ya sa shi cikin masu kati. Lura, ba a ba su DELETE ba. Fayil ɗin majinyaci ba abin gogewa ba ne, in an rufe shi sai a sa masa alama. Haka za ka yi wa likitoci, nas-nas, famasi da sauransu. Ranar da aka mayar da wani daga ɗakin kati zuwa famasi, layi biyu ne aikinka: cire shi nan, saka shi can. Ka tabbata ka cire ɗin, don yawancin ɓarna tana fitowa ne daga tsohon makullin da aka manta ba a karɓa ba.

Wajen saka kalmar sirri, yi amfani da umarnin \password a cikin psql, ka juya wa ma'aikacin kibod ya buga da hannunsa, kai ma kada ka sani. Ka ba su shawarar su haɗa kalmomi huɗu ko biyar marasa alaƙa da juna, waɗanda za su iya riƙewa a ka. Doguwar kalma mai sauƙin tunawa ta fi gajeriya mai wuya wadda za ta ƙare a ƙarƙashin kibod.

Tuntuɓe biyu na jiran ka a nan. Za ka ba da INSERT, ma'aikaci ya zo buɗe fayil, rumbun ya ƙi, yana ambaton sequence. Wannan shi ne abin da ke ba kowane sabon layi lamba, shi ma sai an ba da izinin USAGE a kansa. Na biyu, izinin da ka bayar yau bai shafi teburin da za a ƙirƙira gobe ba. Umarnin ALTER DEFAULT PRIVILEGES ne ke maganin wannan.

Rasit ɗin da ba ya canjuwa

Yanzu mu koma kan naira 30,000 da suka yi ɓatan dabo. A zamanin littafin rasit mai kabon, in kashiya ta yi kuskure ba ta goge shafi. Takan ja layi biyu ta soke shi, ta bar shi a cikin littafin, ta yanka sabo. Wannan tsohuwar hikimar za ka mayar cikin rumbun. Kashiya ta samu damar rubutawa da karantawa, amma ban da gyara, ban da gogewa:

GRANT SELECT ON rasit TO kashiya;
GRANT INSERT (lambar_kati, kudi, dalili) ON rasit TO kashiya;

Dubi layi na biyu da kyau. Gurbi uku kawai aka yarda ta cika. Sai ka ƙara wa teburin gurabu biyu, na wanda ya rubuta da na lokaci, ka sa rumbun ya riƙa cika su da kansa da current_user da now(). Tunda ba ta da izini a kan waɗannan guraben, ba za ta iya sa sunan wani ba, wani ma ba zai iya sa nata ba. In an yi kuskure, sai a rubuta sabon layi na soke rasit lamba kaza, da amincewar akanta. Da haka tsarin yake a watan jiya, da rasit ɗin bai canju ba tun farko, da kuma yarinyar nan ba ta zubar da hawaye ba.

Sirrin majinyaci

Ƙorafin matar nan ya fi na kuɗin nauyi a wurina. Kuɗi ana mayarwa. Amma sakamakon gwaji in ya fita unguwa yana iya kashe aure, ya hana neman aure, ya sa mace ta daina zuwa asibiti gaba ɗaya ta zauna da ciwonta a ɗaki. Mai kati, kashiya da akanta kada a ba su ko SELECT a kan teburin sakamako. In akanta na buƙatar sanin gwaji nawa aka yi don lissafi, a yi masa taga ta musamman da umarnin CREATE VIEW, wadda za ta nuna irin gwajin da kuɗinsa ba tare da suna ko sakamako ba.

Tun daga PostgreSQL 9.5 a 2016 akwai kuma damar taƙaita gani layi-layi, ta yadda likita zai ga sakamakon majinyatansa kawai:

ALTER TABLE sakamako ENABLE ROW LEVEL SECURITY;
CREATE POLICY nawa ON sakamako FOR SELECT TO likitoci USING (likita = current_user);

Sai dai a yi hattara. Da zarar ka kunna wannan, duk muƙamin da ba a rubuta masa tasa ƙa'idar ba ya daina ganin komai, har da ɗakin gwaji. Sannan ƙa'idar ba ta hawa kan postgres, kuma ba ta hawa kan asusun da ya mallaki teburin sai an tilasta. Abu mafi muhimmanci, asibiti wurin ceton rai ne. Likitan dare dole ya ga fayil ɗin wanda aka kawo ranga-ranga ƙarfe biyu, ko da ba shi ya saba duba shi ba. A ƙaramin asibiti kamar naku, ni zan bar duk likitoci su ga duk sakamako, in ajiye tarihin wanda ya buɗe na wa. Wannan hukunci na likitoci ne da mai asibiti, ka kai musu su yanke.

Ka kuma sanar da mai asibiti cewa maganar ta wuce ta kyautatawa. A Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman. Ta wajabta sanar da hukumar cikin awa 72 idan aka samu ɓallewar bayanai mai iya cutar da mutane. Tarar tana iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa, ga manyan masu riƙe bayanai kuma naira miliyan 10 ko kashi 2 ɗin.

Baƙi da bayin gida

Ba mutane kaɗai ke shiga rumbu ba. Teburan su zama mallakin wani asusu na daban wanda ba a shiga da shi kullum. Mai gyara na Kaduna ya samu asusunsa da sunansa, ka sa wa kalmar sirrinsa wa'adi da VALID UNTIL, ya yi gwaje-gwajensa a kan kwafin da aka cire sunayen majinyata. Ranar da zai taɓa rumbun gaske, a buɗe masa, in ya gama a rufe.

In nan gaba kuka buɗe shafin intanet na karɓar lamba, shi ma ya samu nasa ƙaramin asusu. A 2015 an kutsa kamfanin sadarwa na TalkTalk a Ingila ta hanyar cusa umarnin SQL a wani tsohon shafinsu, aka kwashi bayanan mutum kusan 157,000, aka ci su tarar fam 400,000. Shafin da ke shiga rumbu da makullin maigida, duk wanda ya yaudare shi ya zama maigida.

Sai ajiyar ko-ta-kwana. Fayil ɗin da pg_dump ke fitarwa ba shi da mai gadi, duk wanda ya ɗauki filashin ya ɗauki asibitin. A lulluɓe shi da kalmar sirri, a ajiye kwafi a wani gini daban. Ka sani pg_dump ba ya kwashe asusai da muƙamai, sai ka haɗa da pg_dumpall --globals-only. Kuma duk wata ka gwada mayar da ajiyar a wata kwamfuta. A ranar 31 ga Janairu, 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge bayanan babban rumbunsu bisa kuskure, yana zaton a kan na biyu yake. Da aka je ɗauko ajiya, aka tarar yawancin hanyoyin ba sa aiki, suka yi asarar bayanan kusan awa shida. Ƙwararre ne, kuma mai gaskiya. Wannan labari ka ba mai asibiti in ya sake cewa duk 'yan gida ne: iyakance iko yana tare kuskuren mutumin kirki kamar yadda yake tare hannun ɓarawo.

Littafin shige da fice

Kunna log_connections, ka saita log_line_prefix ya riƙa rubuta lokaci, suna da adireshin kwamfuta. In kana son sanin wanda ya karanta wane tebur, akwai ƙarin manhaja mai suna pgAudit. Kai ma ka buɗe wa kanka asusu da sunanka don aikin yau da kullum, ka bar postgres sai babbar lalura. Kalmar sirrin sabar a rubuta, a rufe a ambulan, a sa a sef ɗin mai asibiti saboda ranar da ba ka nan. Mai tsaron rumbu shi ya kamata ya fara shiga ƙarƙashin doka, in ma'aikata suka ga haka bakinsu zai mutu.

Ranar da wani ya bar aiki, kafin ya fita ƙofa ka rufe asusunsa da ALTER ROLE da NOLOGIN, ka katse haɗin da ya riga ya buɗe. Kada ka goge asusun, kuma kada ka ba sabon ma'aikaci tsohuwar lamba, don tarihi ya zauna daidai.

Yadda za ka sauya ba tare da aiki ya tsaya ba

Damuwar mai asibiti a kan jinkiri gaskiya ce, ka girmama ta. Ɗauki kwafin rumbun ka gwada komai a kansa, ka shiga da kowane muƙami ka yi aikinsa, ka kuma gwada abin da aka hana shi ka ga ya ƙi. Sannan ka sauya sashe ɗaya-ɗaya. Fara da kashiya, domin ita ta fi kowa buƙatar kariya yanzu. Ka zaɓi yammacin da asibiti ya yi sauƙi, kada ka taɓa komai da safiyar Litinin. Kwana biyun farko ka zauna kusa da su. Ka sa kwamfutoci su riƙa kulle kansu bayan 'yan mintuna, don asusun da aka bari a buɗe aka tafi salla ya zama na kowa. Sai kowa ya koma kan nasa sannan ka gyara pg_hba.conf, ka canja kalmar postgres, ka cire takardar nan daga ƙarƙashin kibod ka yaga ta a gaban kowa.

Ɗan'uwa, majinyatan nan sun faɗa wa likita abin da ba su faɗa wa iyayensu ba, kuma duk yana kan kwamfutar da ke ofishinka. Amana ce a wuyanka. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ka fara da littafi da biro gobe da safe, kuma kafin nan ka je ka gaya wa yarinyar nan cewa babu wata shaida a kanta. Allah Ya taimake ka, Ya ba marasa lafiyarku lafiya.